Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da Babannin Fadarsa

Mu 'yan makarantar da muka fito daga Wurno da Rabah da Goronyo, in an ce a ba da tarihin wani babban mutum, ba mu da wanda za mu fara kawowa sai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ko ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda kabarinsa ke Wurno, ko kuwa Sardauna Ahmadu Bello wanda aka haifa a Rabah. Wannan kuwa daidai ne, don kowa da nasa yake tinƙaho. Amma ni a wannan fitowa ta mujallarmu ina so in ja masu karatu mu koma baya ƙwarai, fiye da shekara 300 kafin jihadin 1804, mu duba rayuwar wani sarki wanda har yau in an busa kakaki a ƙofar fadar Kano gadonsa ake ci. Wannan sarki shi ne Muhammadu Rumfa. Zan fi tsayawa a kan wani aiki nasa da ba a cika faɗa mana ba, watau yadda ya ɗauki babanni ya ba su sarautu.

Asalinsa da zamaninsa

Muhammadu Rumfa ɗan Sarkin Kano Yakubu ne. A jerin sarakunan da ke cikin littafin Tarihin Kano shi ne na 20 daga Bagauda. Ya hau gadon sarauta a 1463, ya rasu a 1499, watau ya yi shekara 37 a lissafin Hijira. Mutanen Kano suna cewa kafin ya zama sarki ya riƙe sarautar Makama, kuma gidan nan da ake kira Gidan Makama, wanda yanzu ya zama gidan ajiye kayan tarihi, nan ya zauna.

Ya tashi ya tarar da Kano tana cikin bunƙasa. Tun zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addini da karatu. A zamanin mahaifinsa Yakubu kuma malaman Fulani suka iso da littattafan tauhidi da na lugga, fatake suka riƙa shigowa da gishirin Azbin da goron Gwanja. Gari ya cika da baƙi, dukiya ta yawaita. To, dukiya kuwa in ta yawaita sai masu sonta su yawaita, kuma tsohon tsarin da sarki ke zaune tsakiyar 'yan'uwansa da manyan gari ya daina isa. Wannan ita ce matsalar da Rumfa ya gada.

Ayyukansa

Tarihin Kano ya lissafa abubuwa 12 da Rumfa ya fara. Ya gina sabuwar fada, wadda ake kira Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano ke zaune har yau. Ya faɗaɗa ganuwar birni. Ya kafa kasuwar Kurmi. Ya kafa majalisar manya 9, wadda ake kira Tara ta Kano. Shi ya fara kakaki da figini da takalman gashin jimina, shi ya fara dawakin zage, kuma a zamaninsa aka fara sallar Idi a Shadakoko. Ya yi yaƙi da Katsina har shekara 11 ba wanda ya ci wani.

Ba duk abin da ya fara ne abin yabo ba. Littafin nan dai ya ce shi ya fara kame, yana aikawa ana ɗebo 'yan mata ana kawowa fada, har matan gidansa suka kai 1,000, kuma shi ya fara kulle. Duk mai ƙanwa ko ya a gida ya san irin baƙin cikin iyayen da aka shiga gidansu aka fitar da 'yarsu ba da yardarsu ba. Na ambaci wannan ne domin yana da dangantaka da abin da zai biyo baya. Gidan da ke da mata masu yawa haka, ga ƙofofi, ga taskoki, lalle yana bukatar masu tsaro waɗanda sarki ba ya jin tsoronsu ta kowace fuska.

Zuwan Shehu Magili

Wajen 1492 wani babban malami ya sauka Kano, sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau. Rumfa ya karɓe shi hannu biyu biyu. Aka gina masallacin Juma'a, aka sare itaciyar da ake yi wa tsafi, aka ɗora hasumiya a gurbinta. Zuriyar mutanen da suka zo tare da shi ita ce ke unguwar Sharifai. Daga baya malamin ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu na Songhai, sa'an nan ya koma Tuwat cikin Sahara, inda ya rasu wajen 1504.

Babban abin da ya bar wa Rumfa shi ne wani ɗan littafi mai babi 8, mai suna Tajuddini, a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A ciki ya nuna masa irin ma'aikatan da mulki ke bukata, kamar waziri mai tsoron Allah, da magatakarda, da masu lissafi, da alƙalai, da amintattu masu kula da dukiya. Ya kuma yi ta nanata gargaɗi cewa babu abin da ya fi jawo ɓarna kamar sarki ya ɓuya wa talakawansa, har mai ƙara ya rasa hanyar ganinsa. Ina roƙon masu karatu su riƙe wannan gargaɗi, don za mu sake gamuwa da shi.

Su wane ne babanni?

Kalmar baba da nake nufi a nan ba ta mahaifi ba ce. Baba, jam'insa babanni, shi ne namijin da aka yi wa dandaƙa tun yana yaro, ta yadda ba zai taɓa haihuwa ba. Yawancinsu yaran da aka kamo ne wurin yaƙi ko aka sayo. Aiki ne na mugunta ƙwarai, da yawa daga cikin yaran ba su tsira da ransu ba, kuma shari'ar Musulunci ta hana shi. Amma duk da haka fadodin duniya, tun daga Masar da Istambul har Barno, sun yi ta neman su da tsada. Tun kafin Rumfa an san su a ƙasar Hausa, don Tarihin Kano ya ambata cewa Sarkin Nufe ya aika wa Amina ta Zazzau babanni 40 da goro 10,000.

Abin da Rumfa ya ƙara shi ne ya fitar da su daga tsaron ɗakunan mata ya naɗa musu rawani. A cikin sarautun da ya ba su akwai Ɗan Kusuba da Ɗan Jigawa da Ɗan Tarbana da Sarkin Gabas da Sarkin Tudu da Sarkin Ruwa da Ma'aji da Sarkin Bai da Sarkin Ƙofa. Wasu guda 4 da suka rage ba sarauta ya ɗora su a kan taska, ɗaya daga cikinsu shi ne Turaki.

Me ya sa ya yi haka? Bari in kawo misali daga gida. A ce manomi a fadamar Rima, tsakanin Goronyo da Wurno, ya noma shinkafa da albasa ya cika rumbu, sai tafiya ta kama shi. In ya bar rumbun a hannun ƙanensa, ƙanen yana ganin shi ma yana da haƙƙi, don gonar ta ubansu ce. In ya bar wa maƙwabci mai iyali, maƙwabcin yana da bakunan da zai ciyar. Haka sarki yake. Ɗan sarki in ya ga taska yana tunanin gadon sarauta. Babban bafade in ya ga taska yana tunanin 'ya'yansa. Amma baba ba shi da ɗa, ba shi da dangi a garin, kuma ba wanda zai yarda ya zama sarki. In ya mutu, duk abin da ya tara ya koma hannun ubangijinsa. Ashe ke nan abin da aka raba shi da shi, shi ne ya zama dalilin amincewa da shi. Wannan shi ne abin tausayi a cikin lamarin.

A ganina dabarar Rumfa ita ce rarraba iko. Mashi yana hannun sarakunan yaƙi, alƙalami da littafi suna hannun malamai da alƙalai, taska da ƙofa suna hannun babanni, shi kuwa sarki yana bisa duka. Ba wanda ya haɗa biyu balle ya yi masa barazana.

Yadda abin ya kasance a ƙasar Sin

Domin mu gane muhimmancin wannan rabo, yana da kyau mu leƙa ƙasar Sin ta wancan zamani, inda gidan sarautar Ming ya yi mulki daga 1368 zuwa 1644. Babanni sun daɗe a fadar Sin. Har ma mutumin da Sinawa ke cewa shi ya gyara hanyar yin takarda a shekara ta 105, watau Tsai Lun, baba ne. Sarkin da ya kafa gidan Ming, Hungwu, ya san yadda babanni suka taɓa rikita gidajen sarautar da suka gabata. Saboda haka ya hana a koya musu karatu da rubutu, ya kuma hana su sa baki cikin sha'anin mulki. Tunaninsa shi ne, wanda ba ya iya karanta takarda ba zai iya juya abin da ke cikinta ba.

Dokar ba ta yi nisa ba. Ɗansa Yungle ya dogara da babanni ƙwarai, ya riƙa aikensu manyan ayyuka. Mafi shahara a cikinsu shi ne Ceng Ho, wanda ake rubutawa Zheng He. Musulmi ne ɗan lardin Yunnan, aka kama shi yana yaro aka mai da shi baba. Shi ya jagoranci jiragen ruwan Sin a tafiye-tafiye 7 tsakanin 1405 da 1433, har suka kai gaɓar gabashin Afirka. A 1426 kuma Sarki Shuwande ya buɗe makaranta a cikin fada musamman don koya wa yaran babanni karatu, ya sa manyan malaman ƙasa su koyar da su.

Dalilinsa shi ne takardu sun yi wa sarki yawa. Kullum wasiƙu na zuwa daga larduna, ministoci su rubuta shawararsu, sai a kai wa sarki ya amince da jar tawada. Da babanni suka iya rubutu, sai sarki ya riƙa barin su su rubuta amincewar a madadinsa. To, ka ga wanda ke riƙe da ƙofa ya haɗa da alƙalami. Shi zai zaɓi takardar da sarki zai gani, shi zai rubuta amsa.

Sakamako bai daɗe ba ya bayyana. Wani baba mai ilmi, Wang Jen, wanda ya koyar da sarki tun yana yaro, ya zuga shi ya fita yaƙi da Mangol da kansa a 1449. Aka karya rundunar Sin a wani wuri da ake kira Tumu, aka kama sarkin kansa, Wang Jen ya mutu a can. Shekara 14 ke nan kafin Rumfa ya hau gado. A 1477 kuma, Rumfa yana kan mulki a Kano, wani baba mai suna Wang Ji ya zama shugaban wata ƙungiyar leƙen asiri wadda manyan ma'aikatan Sin ke rawar jiki in an ambace ta. Wannan al'ada ba ta ƙare ba sai da aka fitar da sarkin Sin na ƙarshe daga fadar Beijin a 1924.

Kada wani ya ce karatu ne ya ɓata su. Baban da ya fi kowa ta'asa a gidan Ming, Wei Jungshiyan, wanda ya mutu a 1627, bai iya karatu ba, wasu ke karanta masa. Abin da ya jawo ɓarnar shi ne sarakuna sun shige ƙuryar fada sun bar mutum ɗaya tsakaninsu da jama'a. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da Shehu Magili ya yi wa Rumfa kashedi a kai.

Bayan rasuwarsa

Da Rumfa ya rasu a 1499 ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Uwar Abdullahi, Madaki Auwa, ta zama mai faɗa a ji ƙwarai a fada har zamanin jikanta Muhammadu Kisoki. Wani ɗan nata, Abubakar Kado, ya yi sarauta daga 1565 zuwa 1573. A zamaninsa malamai da babanni suka yawaita a Kano, kuma shi ya tilasta wa 'ya'yan sarki karatun Alƙur'ani. Amma ya duƙufa ga ibada ya bar sha'anin mulki, Katsinawa suka yi ta cin ƙasarsa har ƙofar birni, daga ƙarshe aka tuɓe shi. Muhammadu Shashere, wanda ya biyo bayansa, shi ya fara ba baba sarautar Wambai, ya naɗa wani mai suna Damu, ya kuma ba wani mai suna Dabba sarautar Sarkin Dawaki. Ka ga babanni sun tashi daga taska sun kai ga dawaki. Sarautar Wambai ta yi ta ƙasaita, har a zamanin Sarki Kutumbi aka tuɓe Wambai Giwa don ana tsoron zai yi tawaye. Itacen da Rumfa ya dasa don inuwa ya fara tura katanga.

Sa'ad da masu jihadi suka ci Kano a 1807, mutanensu ba su so sabon sarki Sulaimanu ya shiga Gidan Rumfa ba, suna ganin gidan zalunci ne. Sai wani tsohon Bakano ya nuna masa cewa muddin bai shiga gidan nan ba, birni da ƙauye ba za su ɗauke shi sarki ba. Sulaimanu ya aika wa Shehu, Shehu ya ba shi izini, ya shiga. Wanda ya gaje shi, Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya nemi yardar Sarkin Musulmi Bello ya farfaɗo da tsofaffin sarautu. Yau ga abin mamaki, Sarkin Bai yana cikin masu zaɓen Sarkin Kano, Wambai da Turaki kuwa sarautun 'ya'yan sarki ne. Rawanin da aka fara naɗa wa waɗanda ba su da magaji, shi ne masu gado ke nema.

Littafin da aka rubuta wa Rumfa kuma bai tsaya Kano ba. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi sun yi amfani da rubuce-rubucen Magili ƙwarai a cikin nasu littattafan. Bello shi ma ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaji littafin Usulus Siyasa a kan yadda ake mulki. A daularsa alƙalami yana hannun malamai, irin su Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, wanda zuriyarsa ta ci gaba da riƙe wazircin Sakkwato. Bello ya zauna a ribaɗin Wurno kusa da bakin daga tare da mayaƙansa, nan ya rasu a 1837. Saboda haka in muka ce nasihar da aka yi wa Rumfa ta iso har garinmu, ba mu yi ƙari ba.

Abin da na ɗauka

Muhammadu Rumfa babban sarki ne, ba mai musun wannan. Fada da kasuwar da ya kafa sun haura shekara 500 ana amfani da su. Ya girmama malamai, ya nemi a rubuta masa dokar mulki, abin da sarki mai girman kai ba zai yi ba. Amma girman nan an gina wani sashe nasa a kan hawayen 'yan matan da aka kama da yaran da aka nakasa. Mun san sunayen sarautunsu, amma iyayen da suka haife su da garuruwan da aka ɗauko su duk sun ɓace. Ya kamata in muna yabon mai gida mu tuna da waɗanda suka ɗauki ƙasar ginin.

Darasi na biyu kuwa namu ne, mu da gwamnati ta tara a makarantar kwana tana koya mana riƙon alƙalami. Nan da 'yan shekaru waɗansunmu za su zama akawu, waɗansu ma'aji a ƙaramar hukuma, waɗansu sakatarorin manya. Watau mu ne za mu tsaya a ƙofa, takardar talaka ta biyo ta hannunmu. Manomin Goronyo mai neman ruwan noman rani, da tsohuwar Rabah mai bin haƙƙin mijinta da ya rasu, ba za su ga gwamna ba, mu za su gani. Muna iya miƙa takardarsu, muna iya danne ta a ƙarƙashin fayil har sai an ba mu wani abu.

Sarakunan dā sun yanke ƙauna daga samun amintacce mai 'ya'ya da dangi, shi ya sa suka koma ga wuƙa. Tarihin Sin da na Kano sun nuna wannan ma bai yi magani ba, don wuƙa ba ta yanke kwaɗayi. Abin da ya rage shi ne tarbiyya, da doka mai bin kowa, da shugaban da ƙofarsa ke buɗe. Alhakin da ke kanmu shi ne mu nuna cewa mutum yana iya zama da iyalinsa da danginsa da ilminsa, a ba shi makullin taska, ya mayar da shi ba abin da ya ɓace.

Allah Ya jiƙan Sarki Muhammadu Rumfa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan bayin Allah da suka yi masa hidima, mu kuma Ya ba mu ilmi mai amfani da ikon riƙe amana, amin.